Furen buki da muhalli: daga gonar da aka noma shi zuwa inda ake zubar da shi

Ƙawata wurin buki da furanni sana'a ce da ta daɗe da bunƙasa a manyan biranen duniya, kuma a ƴan shekarun nan ta samu gindin zama a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Amarya na riƙe ƙunshin fure a hannu, wanda masu sana'ar ke kira buke, ana jera wasu furannin a kan tebura, ana ɗaura wasu a ƙofar shiga da bayan kujerar ango da amarya. Adon na yini guda ne, wani lokaci ma na awa huɗu ko biyar. Sai dai ruwa da mai da magani da aka kashe kafin furen ya iso, da sharar da yake bari bayan an watse, sun fi yinin bukin daɗewa nesa ba kusa ba.

Wannan ne ya sa wasu masu sana'ar a Turai, Amurka da Ostareliya suka fito da wani tsarin aiki da ake kira adon fure mai kiyaye muhalli. Tsarin ya ginu a kan tambayoyi huɗu: ina aka noma furen, da me aka noma shi, da me aka kafa shi a wurin buki, ina kuma za a kai shi idan an tashi.

Hanyar da fure ke bi

Mafi yawan furannin da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka daga waje ake kawo su. Faransa na shigo da kimanin kashi 85 cikin ɗari na yankakken furen da take amfani da shi, Amurka kuma kimanin kashi 80. Manyan ƙasashen da ke noma shi don fitarwa su ne Holan, Kwalambiya, Ekwado, Kenya da Habasha. Ban da Holan, sauran huɗun suna kusa da layin da ya raba duniya biyu, gonakinsu kuma na kan tuddai masu tsawo. A can rana na fitowa kusan awa 12 kowace rana duk shekara, dare kuma yana da sanyi, abin da furen wardi, wato roz, ya fi so ke nan. Tafkin Naivasha na Kenya yana kan tudun da ya kai kusan mita 1900 sama da teku, filin Bogota na Kwalambiya kuma mita 2600.

Da an yanke fure sai a kai shi ɗakin sanyi mai digiri 2 zuwa 4, a shirya shi cikin kwali, mota mai firijo ta kai shi filin jirgin sama na Nairobi, jirgi ya kwana da shi a hanya zuwa Turai. Kaso mai yawa yana bi ta kasuwar gwanjo ta Aalsmeer da ke kusa da Amsterdam, wadda ƙungiyar manoma ta Royal FloraHolland ke gudanarwa. A wannan kasuwa farashi daga sama yake farawa yana saukowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Daga nan manyan motoci ke rarraba kayan. Idan sanyin ya yanke a ko'ina cikin tafiyar, kwanakin da furen zai yi kafin ya yi yaushi sun ragu.

An ga yadda harkar ta dogara da jirgin sama a watan Afrilun 2010, lokacin da dutse mai aman wuta ya fashe a ƙasar Aisland, tokarsa ta sa aka rufe sararin samaniyar Turai na kusan mako guda. Gonakin Kenya sun zubar da furanni masu ɗimbin yawa, an kuma sallami dubban ma'aikata na ɗan lokaci.

Ruwan da ke cikin kara guda

Wani bincike da masanan jami'ar Twente ta Holan suka wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa karan wardi guda da aka noma a yankin Naivasha yana cin lita 7 zuwa 13 na ruwa, idan aka haɗa da ruwan da ake bukata don tsarma takin zamani da ke kwarara daga gona. Bukin da aka ƙawata da kara 500 ya ci tsakanin lita 3500 da lita 6500 ke nan. A ma'aunin ƴan ga-ruwa, wannan ya kai bido 140 zuwa 260 mai cin lita 25.

Naivasha tafkin ruwan daɗi ne da aka sanya cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 1995. Gonakin fure, garin da ya cika da masu neman aiki, makiyaya da masunta duk a kansa suka dogara. A farin 2009 ruwan tafkin ya ja baya ƙwarai, aka yi ta zargin gonakin da kwasar ruwa fiye da kima. Gonaki da yawa yanzu suna ban ruwa da tiyo mai ɗiga, suna tara ruwan sama daga rufin rumfunansu, suna kuma tace ruwan da ya fito su sake amfani da shi.

Akwai ɗaya ɓangaren maganar. Noman fure na ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin waje ga Kenya, fiye da mutum dubu 100 ne ke aiki a gonakin, da yawansu mata. Saboda haka da yawa daga masu fafutukar kare muhalli ba su ce a daina sayen furen Afirka ba. Abin da suke nema shi ne a san gonar da ya fito da yadda take tafiyar da ruwa da ma'aikata.

Jirgin sama ko ɗakin gilashi

Ana iya zaton furen da aka noma kusa ya fi na nesa sauƙin illa a kowane hali. Lissafin bai nuna haka ba. A 2007 jami'ar Cranfield ta Ingila ta kwatanta wardi dubu 12 da aka noma a Kenya aka kai Ingila ta jirgin sama da wasu dubu 12 da aka noma a Holan. Na Kenya sun fitar da kimanin kilo dubu 6 na iskar kabon mai ɗumama duniya, na Holan kimanin kilo dubu 35. Dalili shi ne a Holan cikin ɗakunan gilashi ake noman, ana ɗumama su da gas, ana kunna musu fitilu dare da rana a lokacin hunturu, alhali a Kenya rana ce ke yin wannan aiki kyauta. Ƴan kasuwar Ingila masu sayen furen Kenya ne suka nemi a yi binciken, kuma tun daga lokacin manoman Holan sun rage yawan makamashin da suke ƙonawa, amma darasin yana nan: nisan tafiya kaɗai ba ya yanke hukunci.

Furen da ya fi kowanne ƙarancin hayaƙi shi ne wanda aka noma kusa, a fili, a lokacin da yanayi ya dace da shi, ba tare da ɗumamawa ko jirgi ba. A tsakanin waɗannan akwai jirgin ruwa. Masu fitar da fure daga Kenya sun soma aika shi cikin kwantena mai sanyi daga tashar Mombasa, tafiyar kimanin wata guda, wadda hayaƙinta ya yi ƙasa da na jirgin sama sosai. Hare-haren da aka soma kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 sun kawo cikas, domin an tilasta wa jirage zagayawa ta Afirka ta Kudu.

Maganin ƙwari

Mai saye ba ya karɓar fure mai tabo ko huda, hukumomin kan iyaka kuma ba sa barin ƙwaro ya shigo, don haka ana fesa wa gonakin magani akai-akai. Tun da fure ba abinci ba ne, dokar Tarayyar Turai ba ta ƙayyade yawan maganin da zai iya saura a jikinsa ba, kamar yadda ta yi wa tumatir ko salati.

Wani bincike da aka wallafa a Beljiyam a 2016 ya gwada ƙunshin fure 90 da aka sayo daga shaguna, ya gano ragowar magunguna iri 107. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta gwada ƙunshi 15, ta samu magani a jikin kowane ɗaya, wani ma har iri 46. Batun ya ƙara zafi a Faransa bayan da asusun biyan diyya ga waɗanda maganin ƙwari ya cutar ya amince cewa akwai alaƙa tsakanin sankarar jini da ta kashe wata yarinya mai shekara 11 a 2022 da aikin fure da mahaifiyarta ta yi tana ɗauke da cikinta.

Wanda ya riƙe ƙunshi na awa guda bai kai ma'aikacin gona ko mai shago da ke taɓa fure kullum shiga haɗari ba. Shawarar da ake ba masu sana'ar ita ce su sa safar hannu, su wanke hannu kafin cin abinci, mace mai ciki kuma ta ƙara taka tsantsan. Furen kasuwa bai kamata a ɗora shi kai tsaye a kan gato ko cikin farantin abinci ba. A gonaki kuma ana ƙara amfani da ƙananan halittu masu cinye ƙwarin da ke ɓarna, domin rage feshi.

Koren soso

A ƙarƙashin mafi yawan adon fure na zamani akwai wani koren soso mai tauri da ake jiƙawa da ruwa a soka karan fure a ciki. Vernon Smithers ne ya ƙirƙiro shi a jahar Ohio ta Amurka a 1954, an fi saninsa da sunan Oasis. Ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, domin yana riƙe ruwa, yana kuma riƙe kara ta duk inda aka juya shi.

Matsalarsa ita ce roba ce da aka haɗa daga sinadaran fenol da fomaldehaid. Ba ya ruɓewa, ba a sake sarrafa shi, kuma galibi sau ɗaya ake amfani da shi domin ramin da aka huda ba ya komawa. Da an murza shi sai ya zama gari. Wani bincike na jami'ar RMIT da ke Melbourne a Ostareliya, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa ƙananan halittun ruwa suna haɗiye wannan ɓurɓushi kuma yana yi musu illa. Daga cikin masu sana'ar da aka tambaya a lokacin, mafi yawan masu amfani da soson sun ce cikin magudana suke zubar da ruwan da suka jiƙa soson. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya, RHS, ta hana amfani da shi a bukukuwan baje kolinta daga 2021, ciki har da shahararren baje kolin Chelsea na Landan.

Abin da ake maye gurbinsa da shi tsofaffin dabaru ne da aka yi amfani da su kafin 1954. Ana dunƙule ragar waya irin ta akurkin kaji a sa cikin kwano mai ruwa, karan ya tsaya a ramukanta. Ana gicciya ƙirare a bakin tulu. Ana amfani da kenzan, wani faifan ƙarfe mai nauyi mai ƙusoshi da ya fito daga fasahar jera fure ta Japan. Ga manyan ado irin na ƙofa, ana ɓoye ƙananan bokitai da kwalabe cikin ganye. Dukkansu ana wankewa a sake amfani da su shekara da shekaru, fure kuma ya fi shan ruwa a cikin tsabtataccen ruwa.

Furen gida, furen lokacinsa

Ƙoƙarin komawa ga furen da aka noma kusa ya samu ƙungiyoyi a ƙasashe da dama. A Birtaniya an kafa Flowers from the Farm a 2011, wadda ta haɗa ƙananan manoman fure. A Amurka marubuciya Debra Prinzing ta yayata kiran da ake ce wa Slow Flowers ta hanyar littafinta na 2013. A Faransa an fito da tambarin Fleurs de France a 2015, aka kafa Collectif de la Fleur Française a 2017. Yankin Var da ke kudancin Faransa, musamman kewayen garin Hyères, shi ne babbar cibiyar noman yankakken fure a ƙasar.

Tsarin yana da sharaɗi guda mai wuya ga amarya: ba za ta zaɓi irin furen da ta gani a hoton Instagram ta ce dole sai shi ba. Za ta faɗi launi da kamannin da take so, mai ado ya nemo abin da ke fure a wannan watan.

Bukukuwan gidan sarautar Birtaniya sun taimaka wajen sa wannan salo ya karɓu. A auren Yarima William ranar 29 ga Afrilun 2011, an jera itatuwa takwas masu rai da saiwoyinsu a cikin majami'ar Westminster, daga baya aka dasa su. A auren Yarima Harry ranar 19 ga Mayun 2018, an samo mafi yawan ganye da rassa daga lambunan da ke kewaye da Windsor, bayan buki kuma aka ƙulla furannin aka kai gidajen jinyar marasa lafiya.

Tambarin shaida

Idan babu makawa sai an sayi fure daga waje, akwai tambura da ke nuna cewa masu bincike sun ziyarci gonar. Fairtrade, wanda a Faransa aka sani da Max Havelaar, yana duba albashi da lafiyar ma'aikata, yana hana wasu magunguna masu haɗari, yana kuma sa a ware ƙarin kashi 10 cikin ɗari na farashi ga asusun da ma'aikata ke yanke shawara a kansa, kamar biyan kuɗin makaranta ko gina asibiti. MPS na Holan yana auna yawan magani, taki, makamashi da ruwan da gona ta yi amfani da su. Kwalambiya na da Florverde, Kenya kuma na da tsarin shaida na majalisar masu noman fure ta ƙasar, wadda aka kafa a 1996. Tambari ba ya nufin babu magani kwata-kwata a jikin fure, yana nufin akwai ƙa'ida da wanda ke bin diddiginta.

Bayan an watse

Furen da aka zuba cikin leda aka binne a juji yana ruɓewa ba tare da iska ba, yana fitar da iskar metan wadda ta fi kabon ƙarfin ɗumama duniya. Masu bin sabon tsarin suna shirya ƙarshen adon tun kafin su fara. Furannin wurin ɗaurin aure ana ɗauke su a kai wurin walima. Da an tashi ana raba wa baƙi, ko a kai asibiti da gidan gajiyayyu. A Landan ƙungiyar sa kai ta Floral Angels wannan ne aikinta. Abin da ya yi yaushi ana yin taki da shi. A Indiya, inda ake amfani da fure mai yawa a bukukuwa da wuraren ibada, kamfanin Phool na birnin Kanpur yana tattara furannin da aka zubar a wuraren bauta, ya busar da su, ya yi turaren tsinke.

Duk wannan ba ya yiwuwa idan an lalata furen tun farko. Wanda aka fesa wa fenti, aka barbaɗa wa ƙyalƙyali, ko aka manne da gam da waya da soso, ba ya shiga ramin taki. Haka busassun furanni da aka fasa launinsu da sinadari aka rina su. Ƙyalƙyali da ƴan guntayen takarda mai sheƙi da ake watsa wa amarya roba ce, ana iya musanya su da busasshen fure ko ganye.

Furen roba

A garuruwan Nijar, furen roba da na yadi ne ya fi yawa a wurin buki, domin zafi da tsada sun sa ɗanyen fure na waje ya zama na ƴan tsiraru. Mafi yawansa daga ƙasar Sin ake kawo shi. Da man fetur ake yin sa, an kuma haɗa yadin roba da waya da gam a jiki guda, abin da ya sa ba a iya narka shi a sake wani abu.

Darajarsa ga muhalli ta dogara da yawan bukukuwan da ya yi. Adon da mai sana'a ke bayarwa haya, ta wanke, ta adana a inuwa nesa da ƙura da rana, zai iya yin bukukuwa da dama kafin ya koɗe. Wanda aka saya don yini guda aka yar, shara ce kurum da za ta daɗe fiye da waɗanda suka yi bukin. Ƙona shi yana fitar da hayaƙi mai cutar da ƙirji. Barinsa a titi kuma yana haɗuwa da leda ya toshe magudanar ruwa da damina, ko bisashe su haɗiye. Dokar Nijar ta ranar 5 ga Nuwamban 2014 ta hana ƙerawa, shigowa, sayarwa da amfani da leda mai laushi, kodayake har yanzu ita ce ta cika kasuwanni. Ledar naɗe ƙunshin fure da balan-balan suna ƙara wa wannan shara yawa.

Abin da ake da shi a gida

Adon bukin Hausawa na asali bai dogara da yankakken fure ba. Lalle, jere, tabarmi, faya-fayi da ƙore masu zane su ne suka riƙa ƙawata amarya da ɗakinta, kusan dukkansu kuma ana ci gaba da amfani da su bayan buki ko su koma ƙasa. Mai ado da ke son rage shara tana da waɗannan a hannu. Tukwane da tulunan Mirriya kusa da Damagaram, ko na Bubon kusa da Yamai, suna riƙe ruwa da sanyi, suna yin aikin kwalbar fure. Zangarniyar hatsi da ta dawa, kan gamba, da jan ƙoƙon yakuwa da ake yin bisap da shi, duk suna jure zafi kuma ba sa bukatar ruwa.

Shuka mai rai a cikin tukunya ta fi yankakken fure dacewa da wannan yanayi. Buganbil, alal misali, da an yanke reshensa ba ya jimawa sai ya langaɓe, amma a tukunya yana yini a rana bai nuna ba. Masu rainon itace da ke bakin titunan birane suna sayar da irin waɗannan, ana kuma iya daidaitawa da su a kan haya. Wasu ma'aurata a ƙasashen waje suna ba baƙi ɗan itacen dashe a matsayin tukuici, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da ke dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta tun 1975.

Akwai furannin da ake shukawa daga iri su yi fure cikin wata biyu zuwa uku, masu jure zafi: ziniya, furen rana, da ɗan rawayan nan da masu lambu ke kira da sunansa na Faransanci, œillet d'Inde. Ƴan garka da ke noman rani suna iya ware musu kunya ɗaya ko biyu a gefen salati da kabeji, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A garin da ake layin ruwa kamar Damagaram, dole a yi lissafin ruwan da za su sha kafin a shuka. Idan ƙwari suka kama, jiƙon ƴaƴan bedi da manoma suka saba da shi yana taimakawa. Idan sai an sayi magani, a nemi wanda kwamitin Sahel na maganin ƙwari, da ke ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, ya amince da shi.

Wasu shuke-shuken kyan ɗan maciji ne da su. Kariya, wadda ke fure mai kyau da rani, ruwan jikinta guba ne. Haka itacen da ake kira loriye-roz da ake dasawa a gidaje da ofisoshi. Nonon tumfafiya kuma yana yi wa ido lahani. Irin waɗannan ba a ajiye su kusa da abinci ko inda yara ke wasa. Sara daga daji ma yana da iyaka. A kwarin Gulbin Kaba da ke jahar Maraɗi, yawan yankan kaba tun tana ƙarama yana hana ta girma ta zama goriba, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta tanadi kariya ga itatuwa. Gyaran rassan itacen gida ya wadatar da mafi yawan bukukuwa da ganye.

Kula da ɗanyen fure a zafi

Furen da ya mutu kafin baƙi su iso asara ce ta kuɗi da ta ruwan da aka noma shi. Ana yanke shi da sassafe, a sa shi nan take cikin bokiti mai tsabta da ruwan randa. Ana yanke gindin kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse, domin shi ne ke ruɓewa ya toshe hanyar shan ruwa. Ɗan sukari da ɗigon ruwan jabel kaɗan suna ciyar da furen su kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Ana ajiye shi a inuwa, nesa da iskar fanka da nunannun ƴaƴan itace irin su mangwaro da ayaba, domin suna fitar da wata iska da ke tsufar da fure. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba a fito da shi sai dab da isowar baƙi.

Tambayoyin da iyali za su yi

Iyalin da ke shirin buki suna iya tambayar mai ado abubuwa kaɗan kafin a yi ciniki. Daga ina furen ya fito? Za a yi amfani da koren soso, ko akwai wata hanya? Wane kaya ne na haya da za a mayar, wanne ne za a yar? Wa zai kwashe adon bayan an tashi, ina kuma zai kai shi? Amsoshin sukan rage kuɗi ma, domin ado kaɗan a wuri biyu ko uku da ido ya fi sauka, kamar ƙofa da kujerar ango da amarya, yana fitowa a hoto fiye da wanda aka warwatsa ko'ina.

Abu guda ne ke bukatar a yi shi da wuri. Furen da aka noma a gida ba a samunsa a shago ranar da aka so. Idan an tsayar da buki a watan Janairu, tun Oktoba ya kamata a yi magana da mai garka, a zaɓi iri da launi, a ba shi wani abu na kafin alƙalami domin ya shuka a kan kari.